Rawar Harshe

Likitanci na nema.
Sunana ya fito a jerin da ban ko leƙa ba:
Sifaniyanci.
Baba ya sauke buhun tattasai a bakin rumfarsa,
ya share gumi da hula,
ya ce, "Hansatu, a wace kasuwa ake ciniki da wannan yaren?"
Ban da amsa. Na miƙa masa ruwa.

Da asuba nake barin Agege.
Danfo biyu, sannan ƙafa,
kwandasta na kiran Oshodi kamar mai bin bashi.
A aji, kujerar baya ce tawa,
ƙarƙashin fankar da ta mutu tun kafin zuwanmu.
Tun firamare na iya shiru.
In na buɗe baki da Turanci
sai p ta rikiɗe ta zama f,
a kwashe da dariya,
wani ya ce "aboki", alhali ga ɗankwali a kaina.

Malama Pilar, 'yar Malabo,
gajeruwa, kullum da alli a gefen kunci,
ta rubuta kalma biyu: pero, perro.
Ɗaya "amma", ɗaya "kare".
Tsakaninsu rawar harshe ce kawai.
Tobiloba ya gwada, karensa ya ƙi haushi.
Nkiru ta yi kamar mai kurkure baki.
Layi ya iso kaina.
Na tuno yadda Inna ke murza harshe
in ta ce Allah Ya raba mu da sharri,
na saki.
P ɗin ta zame, kamar kullum,
amma karen ya yi gurnani har bakin taga.
Malama ta ɗaga hannu: "Sake. Ku kuma ku saurara.
P za ta zo da ƙafarta.
Wannan r ɗin daga gida ake tahowa da ita."

Daga nan na fara tsintar dangi a ƙamus.
Azúcar: ashe sukari ne ya canza riga.
Alcalde na kama da alƙali ta wajen uba.
Hasta da hatta, kamar an tsaga kara.
Na kwana ina ja musu layi da jan biro,
wuta ta ɗauke, na ci gaba da fitilar waya.

Ba duka ne zaƙi ba.
Ranar da aka karanta mana jiragen ruwa
da mutanen da aka jera a cikinsu kamar itace,
Tobiloba ya ji sunayen kakanninsa
a bakin wata tsohuwa daga Habana.
Muka zauna bakin ruwan Akoka,
gada na ta ɗaukar motoci,
babu wanda ya ce uffan.

A shekara ta uku na gane abin da ya fi zauna mini:
suna da "zama" iri biyu.
Soy, abin da kake ko'ina ka je.
Estoy, inda yau ta same ka.
Na yi shekaru ina cewa ni matsoraciya ce,
ashe a cikin tsoro nake,
kuma ɗaki ne, yana da ƙofa.

Na soya musu ƙwai da dankali da albasa irin na can.
Inna ta ɗanɗana, ta ce wainar ƙwai ce mai girman kai,
ta ƙara yanka.

Jiya a rumfa, ina taya Baba ƙirga canji,
ya ɗaga tattasai ɗaya, ja wur.
"Wannan fa, yaya suke ce masa?"
"Pimiento."
"Fimiyanto," in ji shi, yana juya shi a hannu.
Ban gyara masa ba.
Ya ce, "Wata rana ki kai ni in ga nasu."
Na ce, "Ojalá."
Bai nemi fassara ba. Ya ce amin.